Yadda za ki kula da ɗalibanki ta waya idan annoba ta rufe makaranta

Ranar da aka sallami ɗalibai a watan Maris na 2020, na kulle ofishina na bar babban littafin da nake rubuta al'amuran yara a cikin durowa. Kwana 30 aka ce mana. Gwamnonin Arewa maso Yamma sun tsayar da shawarar rufe makarantu daga 23 ga Maris, mu kuma a ranmu hutu ne ya zo da wuri, dab da azumi za a dawo. Yawancin yaran nan ban sake sa su a ido ba sai a watan Oktoba.

Ni malamar jagoranci da ba da shawara ce a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a birnin Kano. Duk wadda ta yi wannan aiki ta san yarinya ba ta shigowa ta ce tana da damuwa. Cewa za ta yi kanta ke ciwo, ko ta zo karɓar audugar mata, ko an aiko ta da alli. Sai ta zauna ta yi ta murza bakin hijabinta, can maganar ta fito. Korona ta raba mu da ɗakin, ta raba yaran da uzurin zuwa. Abin da ya rage mana waya ce, kuma a yawancin gidajen da nake hulɗa da su wayar ba ta yarinyar ba ce. Ta uba ce, ko ta yaya, ko ta uwa da ake ajiyewa a kan taga kowa ya ɗauka. A kan wannan na gina duk abin da zan faɗa.

Zan riƙa cewa "ki" domin makarantar mata na sani, amma malamai maza, maganar ta shafe ku. Kuma ba sai annoba ce ke rufe makaranta ba. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 an sake rufe makarantu a jihohi da dama, wannan tsarin dai muka koma wa.

Littafin lambobi, tun ana zaman lafiya

Makon farko na ɓata shi ne wajen farautar lambobi. Waɗanda ke cikin fom ɗin shiga makaranta, da yawa na wanda ya rako yarinya rajista ne shekara huɗu da suka wuce, layin ma ya daɗe da mutuwa. Malaman aji ne suka cece ni, su da irin 'yan matan nan da suka san gidan kowa.

Don haka ki buɗe littafi na musamman. Lamba kaɗai ba ta isa ba. Gaban sunan kowace ɗaliba ki rubuta lambar wa ce, a hannun wa wayar take wuni, ƙarama ce mai tocila ko babba ce mai WhatsApp, kuma mai ita yana karanta boko ko sai an karanta masa. Ki nemi lamba ta biyu, ta wani gidan daban in da hali, ta goggo ko ta yayar da ta yi aure. Sannan unguwa da kwatance, da sunan ƙawarta da ta fi kusa da gidansu. Wannan na ƙarshe ya fi duk sauran yi min amfani, zan zo kansa.

Ki ajiye littafin a takarda, ki kuma ajiye kwafi a wayarki a bayan lambar sirri. Ki sayi layi daban na aikin, ko da a ƙaramar waya za ki sa shi. Kada ki soma kiran kowa sai shugabar makaranta ta amince, a rubuce in zai yiwu, kuma shugaban ƙungiyar iyaye da malamai ya san da maganar. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta tanadi a nemi amincewar iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro, amma ko babu doka, ranar da wani uba zai ɗaga murya ya ce wa ya ba ki lambarsa, za ki so a ce akwai wanda ya tsaya miki.

Kiran farko na maigida ne

Wani kuskure na yi a farko da har yanzu yake damuna. Na kira wata lamba, namiji ya ɗauka, na gaishe shi a gurguje na ce a ba ni Wance. Mun yi magana ba ta fi ta minti biyu ba. Daga baya ƙawarta ta gaya min an tsare ta a daren da tambayar me ta aikata har malamar da ke kula da masu matsala take nemanta a gida. Tun daga ranar ban ƙara neman yarinya a kiran farko ba. Abin da nake cewa bai wuce haka ba:

"Salamu alaikum, Baba, an wuni lafiya? Ya iyali, ya kuma wannan hali da muke ciki? Malamar su Wance ce daga makaranta. Shugabarmu ce ta sa mu riƙa bin yaranmu gaba ɗaya, mu ji lafiyarsu da yadda karatu yake. Idan ka ba da izini zan riƙa kiranta sau ɗaya a mako, a lokacin da ka ga ya fi dacewa."

Kalmar "gaba ɗaya" ita ce garkuwar yarinyar. Ki faɗe ta, kuma ta zama gaskiya, kowa ki kira. Idan waɗanda kika san suna da damuwa kawai kike nema, unguwa za ta gane, kiranki ya zama tambari a goshinsu.

Ki kuma ba shi lokaci ya yi nasa bayanin. An samu mutum na farko mai cutar a Kano ranar 11 ga Afrilu, gwamnatin jiha ta sa dokar kulle a tsakiyar watan, ranar 27 ga Afrilu kuma Shugaba Buhari ya ba da umarnin rufe jihar ruf na mako biyu. Iyayen ɗalibaina 'yan Kantin Kwari ne, da masu tebur a Sabon Gari, da direbobin a-daidaita-sahu, da leburori, mutanen da sai sun fita ake ɗora tukunya. Uban da kika saurara minti biyar yana faɗa miki yadda jarinsa ya narke, shi ne zai miƙa wa 'yarsa waya mako mai zuwa da hannunsa. Sai dai kada ki yi alƙawarin tallafin da ba ya hannunki. Da yawa sun ɗauka sunaye nake rubutawa don rabon abinci, na riƙa fitowa fili ina cewa a'a.

Idan wayar a hannun matar uba take, ki ba ta girmanta cikakke, ki kira ta Hajiya ko Mama, ki nemi izininta kamar yadda za ki nemi na mahaifiya. Ko da kin san akwai tsama tsakaninta da yarinyar, ita ce ƙofar. Malami namiji kuma da ke da ɗalibai mata, ya bi ta hannun uwa, kada ya kira bayan magariba, kuma ya fi masa ya haɗa kai da wata malama su raba aikin.

Idan yarinyar ta karɓi waya

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A waya babu fuska, kuma kusan kullum akwai wani kunne a kusa. Gidan haya mai ɗaki ɗaya da rumfa, mutum tara a ciki, ba inda za ta je ta keɓe. Wani lokaci ma an sa wayar a sifika ba ki sani ba. Ki ɗauka ana jin ki har sai kin tabbatar ba a ji.

Ki fara da abin da kowa zai iya ji: lafiya, karatu, ko tana sauraron darussan da ake yi a rediyo. Sannan ki koma tambayoyin da amsarsu e ce ko a'a, domin ita za ta iya amsawa ba tare da na gefe ya gane kan maganar ba. "'Yata, akwai mutane kusa da ke? Suna jin muryata? Kina cin abinci? Kina samun barci? Akwai abin da kike son gaya min amma ba yanzu ba?" Idan ta amsa ta ƙarshe da e, kada ki matsa. Ki tambaye ta da safe ya fi ko da yamma, ki ajiye maganar zuwa lokacin.

Ki yi yarjejeniya da su a kan wata kalma ta yau da kullum. Tamu ita ce littafin lissafi. Duk wadda ta ce, "Malama, littafina na lissafi ya ɓata," na san tana cikin halin da ba za ta iya faɗa a gaban mutane ba. Irin wannan kalma a aji ya kamata a koyar da ita, baki da baki, tun kafin a rufe makaranta. Mu a waya muka yi ta raɗa ta ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ba ta kai ga kowa ba.

Kunnenki zai koyi aikin ido. Yarinyar da kika sani da surutu ta koma "lafiya lau" da "to" kawai. Wadda muryarta ta dushe. Wadda ke amsawa da sauri kamar ana tsaye a kanta. Wadda take dariya a inda ba abin dariya. Ki rubuta abin da kika ji, ki gwada da na makon da ya wuce. Kuma idan ta yi shiru, ki bar shirun ya ɗan daɗe. Kati na tafiya, na sani, amma sau da yawa bayan wannan shirun ne maganar take fitowa.

Kada ki bari kuɗin kira ya hau kansu. Tsarinmu filashin sau biyu a jere, ni kuma in kira. Ki faɗi sa'o'in da kike amsawa, ki kuma cika alƙawari, domin yarinyar da ta saci minti uku da wayar yayanta ta yi filashin, idan kika kira bayan awa biyu shi za ki samu, ba ita ba. Lokaci ma sai kin lura da shi. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu a shekarar, daga la'asar zuwa shan ruwa 'yan mata na bakin murhu, hantsi ya fi. A ranakun da aka riƙa sassauta kullen, Litinin da Alhamis, maza na fita da wayoyinsu, sai dai ki nemi ta uwa, kuma a ranakun ne gida ke raguwa yarinya ta samu sararin magana.

Saƙon tes

Tes na shiga kowace irin waya, ba ya bukatar data, kuma yana jira har a dawo da waya daga wurin mai caji. Amma duk wanda ya ɗauki wayar zai karanta, don haka sanarwa kawai ake yi da shi. Ba a rubuta sunan damuwar kowa a ciki.

Ga wani abu da ya ci min kuɗi kafin in gane. Saƙo ɗaya na ɗaukar harafi 160. Da zarar kin sa harafi mai lanƙwasa guda ɗaya, ɗ ko ƙ ko ɓ, sai ma'aunin ya faɗo zuwa 70, saƙon da kike zaton ɗaya ne a caje ki na uku, wasu ƙananan wayoyin ma akwatuna za su nuna a maimakon haruffan. Ina ƙaunar rubutun Hausa daidai, amma a tes ki ajiye lanƙwasa. Nawa ga shi: "Salam. Malamar ba da shawara ce daga makaranta. Muna gaishe ku. Duk dalibar da ke son magana ta yi filashin sau biyu, zan kira. Allah ya kare mu."

WhatsApp, da inda yake yoyo

Zauren WhatsApp na aji shi ne abin da kowa ya fara buɗewa, ni ma na buɗe. Kwana kaɗan wani ya tura mahaɗin shiga zauren waje, baƙin lambobi suka shigo, samari suka kwashe lambobin 'yan mata suka fara kiransu cikin dare. Uba ɗaya ya cire 'yarsa, kuma ban ga laifinsa ba.

A zaure kowa na ganin lambar kowa. Idan dole sai kin buɗe, ki saka mutane da hannunki daga littafinki, kada ki raba mahaɗi, idan kuma ya riga ya fita ki soke shi ki sabunta. Ki saita zauren ya zama masu kula da shi kaɗai ke iya tura saƙo, ki sa wata malama ta zama ta biyunki. Abin da ya fi min zaure shi ne jerin aikawa da saƙo ga mutane da yawa a lokaci guda, wanda a lokacin yake ɗaukar mutum 256. Kowa na samun saƙon shi kaɗai, amsarsa ke kaɗai za ki gani. Sharaɗinsa ɗaya, sai wanda ya ajiye lambarki a wayarsa saƙon ke isa gare shi, don haka ki roƙi a ajiye tun a kiran farko.

Ki yi amfani da saƙon murya, da Hausa, kada ya wuce minti biyu. Uwar da ba ta yi boko ba za ta ji, ƙanne za su ji, kuma muryar malamarsu kanta tana kwantar musu da hankali. Kowace Asabar nakan tura ɗaya a kan abu guda: yadda za a raba wuni tsakanin aikin gida da karatu, abin da za a yi idan barci ya ƙi zuwa, yadda za a zauna da ƙanne ba duka. Bidiyo kuwa ki bar shi, cin data ne. Zoom, manhajar taro ta bidiyo, ma haka. Na kyauta yana yankewa a minti 40, sabis ɗin unguwanninmu ba ya riƙe shi, kuma ɗalibar da ta buɗe kyamara ta buɗe wa ajinsu cikin ɗakin uwarta. Tsakanina da 'yan'uwana masu ba da shawara kawai ya yi min amfani. Idan makarantarku ta masu hali ce, kowace yarinya da wayarta, fom ɗin Google mai tambaya huɗu ko biyar zai taimaka miki gano wadda za ki fara kira.

Jita-jita kuwa ta nan take shigowa. An ce ciwon masu kuɗi ne, an ce zafin Kano zai kashe shi, an ce turakun 5G ne ke yaɗa shi, an ce babu shi sam. A watan Afrilun 2020 kamfanin WhatsApp da kansa ya taƙaita tura saƙon da ya riga ya zaga da yawa zuwa wuri ɗaya a lokaci guda. Ni dokata ita ce ba na tura komai a kan cutar sai abin da ya fito daga hukumar NCDC mai yaƙi da yaɗuwar cututtuka ko ma'aikatar lafiya. Idan yarinya ta kawo jita-jita ba na ƙaryata babanta a kunnenta, nakan ce, "Ga abin da likitoci suka ce, ki gaya wa Baba ya ji shi ma." Ki kuma sa lambar sirri ta mataki na biyu a WhatsApp ɗinki, ki gargaɗe su kada su ba kowa lambobi shidan da ake turowa ta tes. Da su ake sace asusu, kuma wanda ya sace naki zai yi magana da ɗalibanki da sunanki.

Rashi

Wanda yake Kano a ƙarshen Afrilu da farkon Mayu na 2020 ba zai manta yawan mace-macen da aka yi ba, musamman na dattawa. Ɗalibaina sun rasa kakanni, wasu iyaye. Ga shi babu zaman makoki yadda aka saba, dangi ba su cika gida ba, ƙawaye ba su zo sun zauna da ita a ɗaki ba. Baƙin cikin sai ya rasa inda zai sauka.

Ki yi ta'aziyya yadda addini da al'ada suka koyar, ki yi wa mamaci addu'a. Amma kada ki yi saurin rufewa da "sai haƙuri". Ta ji shi sau ɗari, kuma a kunnen yarinya ma'anarsa a daina maganar. Ki ce, "Ba ni labarin Kaka. Me take kiranki da shi?" Ki bar ta ta yi kuka a wayar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita taimakon farko ga wanda hankalinsa ya tashi a abu uku: ki duba halin da yake ciki, ki saurara, ki haɗa shi da wanda zai taimake shi. A waya na ukun ya fi nauyi, tunda ke ba kya gidan. Ki tambaye ta wa take iya zama kusa da shi idan abin ya taso mata, inna ko yaya ko maƙwabciya, sannan da izininta ki kira wannan mutumin.

'Yan aji shida nasu tashin hankalin daban ne. Jarrabawar WAEC da aka saba farawa a Afrilu an ɗage ta ba rana, sai 17 ga Agusta aka soma. Wata huɗu yarinya na karatu ba ta san ranar da take yi wa shiri ba. Abin da ya taimaka ƙaramin jadawali ne, darasi biyu a rana, da haɗa su bibbiyu 'yan unguwa ɗaya su riƙa yi wa juna tambayoyin shekarun baya.

Waɗanda ba su amsa ba

A nan aikin yake, kuma a nan waya ke yaudarar mutum. Masu amsa saƙo, masu turo godiya, su ne za su cika miki rana har ki ji kin yi ƙoƙari. Amma yarinyar da ke da data da sukunin amsawa yawanci ita ce mai sauƙin hali. Kowace Juma'a nakan buɗe littafi in ja layi a ƙarƙashin sunan duk wadda ban ji muryarta ba. Muryarta nake nufi, ba ta babanta yana cewa tana lafiya ba.

Sau uku nake gwadawa, a ranaku daban da lokuta daban. In ba a dace ba sai lamba ta biyu. In ita ma shiru, sai ƙawar nan da na ce ki rubuta sunanta. Nakan ce mata ta leƙa ta tsaya daga soro, da takunkuminta, ta ce Malama na gaisuwa, ta dawo ta gaya min abin da ta gani, ban da bincike. Ta haka na gano waɗanda aka mayar ƙauye, da waɗanda suka koma talla, da waɗanda aka kai aikatau, da waɗanda aka sa wa rana.

Maganar aure sai da natsuwa. Uban da ya ga makaranta a rufe wata biyar, ba ranar buɗewa, ga yarinya a zaune, ga manemi ya fito, ba mugu ba ne don ya karɓi kuɗin gaisuwa. Idan kika zo masa da faɗa a waya, zai kashe, ya kuma hana ta ɗauka. Akwai wata 'yar aji shida mai ƙoƙari da na rasa mako uku, ƙawarta ta zo min da labarin an tsayar da lokaci. Ban kira uban ba. Na nemi shugaban ƙungiyar iyaye, dattijo ne da ake jin maganarsa, shi ya samu mai unguwa, suka je tare a ranar da aka sassauta kulle. Abu ɗaya suka roƙa, a bar ta ta zana jarrabawar da aka riga aka biya wa kuɗi. Aka amince, ta zana. Akwai kuma waɗanda labarinsu ya iso min bayan an kai su ɗaki, har yau ina tuna kujerunsu. Waya ta nuna min inda ciwon yake, amma zuwa da kai ya fi aike, kuma wanda zai je ɗin ba lallai ke ba ce. Ki san masu unguwanni da limamai da shugabannin mata na unguwannin da ɗalibanki suka fito, ki ajiye lambobinsu a shafin ƙarshe na littafin.

Idan abin ya wuce hira

A watan Yuni na 2020 gwamnonin Najeriya suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe, saboda yadda rahotanni suka yawaita lokacin kulle. Yarinyar da makaranta ce mafakarta ta awa shida, yanzu tana wuni tana kwana da wanda take gudu.

Tun a hira ta farko ki gaya mata iyakar sirri: "Abin da kika faɗa min tsakanina da ke ne, sai fa idan ranki ko na wani yana cikin haɗari. A nan dole in nemo mana taimako, kuma zan gaya miki kafin in yi." Idan ta faɗi an taɓa ta, ki yarda da ita, ki ce ba laifinta ba ne, ki tambaya ko wanda ya yi yana gidan a yanzu. Kada ki tsaya tonon yadda aka yi, aikin wasu ne. Abin gaggawa asibiti ne, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala da ke karɓar irin waɗannan. Ki sanar da shugabar makaranta a ranar, ki nemo babba a dangin da yarinyar ta amince da shi.

Idan kuma ta ce ta gaji da duniya, ko gara ta mutu ta huta, kada ki ce mata ta daina faɗar haka. Ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawowa. Idan ta ce e, kada ki kashe wayar. Ki sa a ba ki babba a gidan, ki ce kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da magunguna da maganin ƙwari daga inda hannunta zai kai, a kai ta ga likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Duk inda kike, ki haɗa irin wannan jerin na garinku, ki kira kowace lamba ki tabbatar ana ɗauka tun ba ki bukace ta ba.

Kada ki naɗi muryar yarinya, kada ki ɗauki hoton hirarku ki tura wa wata malama don neman shawara. Bayanan da za ki rubuta ki sa lamba a maimakon suna. Ki kuma tuna mata ta goge hirarku kafin ta mayar da wayar.

Ke ma a kulle kike

Wata uku na yi ina amsa waya har tsakar dare, sai na wayi gari ina jin faɗuwar gaba duk sanda ta yi ƙara, ina yi wa 'ya'yana tsawa ba dalili. Daga nan na tsayar da lokaci, tara na safe zuwa ɗaya na rana, sai kuma awa ɗaya bayan isha'i don masu filashin. Na samu wata abokiyar aiki a wata makarantar, muka riƙa kiran juna duk Lahadi muna sauke abin da ke ranmu ba tare da ambaton sunan kowa ba. Kuɗin kati kuma ki rubuta shi ki kai wa shugabar makaranta da ƙungiyar iyaye tun farko. Idan daga albashinki yake fita, wata biyu za ki yi ki fara rage kira, kuma waɗanda za ki fara ragewa su ne masu wuyar samu.

Da aka dawo da 'yan ajin ƙarshe a watan Agusta, abin da na fara yi shi ne ɗauko littafin nan na bi su layi-layi muna gyara lambobi. Yanzu duk makon farko na zango nake yin haka, aji bayan aji, a nan nake koya wa sababbi maganar filashin biyu da littafin lissafi. Da fensir nake cika shi, domin kafin zango ya ƙare layuka da yawa sun canza hannu.